Don Nemesio da Kompadrensa Mai Jar Kwat

Auren mahaifiyata, Otilia, ya kusa fasuwa saboda wani mawaƙin kiɗan zamani na rokanrol da ta taɓa haɗuwa da shi sau ɗaya tak. A lokacin tana jaririya, kuma kuka ta yi masa tun daga farko har ƙarshe. Wanda ya ƙulla wannan rigima shi ne kakana, Don Nemesio Cuautle, kuma labarinsa nake so in ajiye a nan kamar yadda manyan gidanmu suka ba ni shi.

Don Nemesio mai gasa jan bulo ne a San Bartolo, sana'ar da ya tarar ubansa yana yi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, maganarsa ba ta da yawa, kuma ba wanda ya taɓa ganin ya yi rawa, ko a ranar aurensa. Yana saurayi suka kai bulo birnin Puebla a babbar mota. Suna cikin saukewa sai rediyon wani shagon aski ya saki wata murya mai kururuwa, jita na bin ta a guje kamar an koro su tare. Nemesio ya tsaya cak da bulo rungume a ƙirji har waƙar ta ƙare, direba na ta zaginsa daga cikin mota. Da mai gabatarwa ya ce wannan Memo Arzate ne, sai ya ajiye bulon a hankali, ya maimaita sunan don kada ya ɓace masa.

Ya sayi garmaho mai batir kafin ya sayi gado. Amaryarsa, Doña Mela, ba ta yi ƙorafi ba, domin ita ma mawaƙin ya tafi da ita. Bambancinsu dai shi ne, ita in an sa faifai sai ta taka rawa har siket ɗinta ya share tukwane, shi kuwa a tsaye yake saurare, fuska kamar mai rakiyar gawa. Babban yatsan ƙafarsa kaɗai ke motsi a cikin takalmin taya.

Da aka haifi Otilia ba ta zo da ƙoshin lafiya ba, ga shi Fada Anselmo sai ya ga dama yake leƙo garin. Don haka ranar da ya zo aka naɗe jaririya aka nufi coci. Wanda aka roƙa ya zama ubanta na baftisma shi ne Don Cirilo mai shanu, amma Don Cirilo ya fara murnar tun jiya, aka same shi kwance a bayan garke, bai san ko wace rana ce ba. Fada ya dubi agogonsa ya ce shi fa da ya gama addu'a zai hau jakinsa.

Nemesio ya fito dandalin gari yana neman duk wani namiji mai tsabtar riga. Sai ga wata doguwar mota a tsaye gefen rijiya, hayaƙi na tashi daga gabanta, direba na ɗura mata ruwa da bokiti. 'Yan wasa ne masu yawon gari-gari, za su wuce wani biki a Atlixco. A jikin motar wani saurayi ya jingina, sanye da jar kwat mai walƙiya, gashinsa ya sha mai an tayar da shi sama kamar zankon zakara. Nemesio ya san fuskar nan, kullum tana kallonsa daga kwalin faifai.

Ya cire hularsa ya matsa.

"Yallaɓai, an yi muku baftisma?"

Saurayin ya ja da baya kaɗan. "An yi. In kuma maganar wata yarinya ce, mai ganga ne, ba ni ba."

"Jaririya gare ni a coci, ba mai riƙe ta."

Memo Arzate ya dubi motar, ya dubi direba. Direba ya ce ai tukuna, wannan shegiyar sai ta huce. Memo ya ciro mataji ya gyara gashinsa.

"To mu je, maigida."

Cocin ya cika kafin su isa, domin Fada Anselmo ya sha yin wa'azi cewa wannan kiɗa daga Shaiɗan yake, kowa kuma na so ya ji yadda za ta kaya. Da aka zo wurin da ake tambayar uban baftisma ko ya ƙi Shaiɗan da dukan ayyukansa, Memo ya ce ya ƙi. Fada ya dubi kwat ɗin, ya sake tambaya. Memo ya sake cewa ya ƙi. Fada ya ɗan jira ko zai canza magana, sannan ya zuba ruwan. A bakin ƙofa yara suka taru suna jiran sulallan da uban baftisma ke watsawa. Memo ya laluba aljihu, babu ko ɗaya, sai ya watsa musu ƙananan hotunansa. Wasu tsofaffin mata da idonsu ya yi rauni suka tsinta suka kai gida. Har yau akwai ɗakunan da hoton ke jere da na waliyyai, ana kunna masa kyandir.

Ya ci faranti ɗaya na talo-talo da miyar barkonon da ake kira mole a tsaye, ya sumbaci goshin jaririya, mota ta yi ham, ya tafi. Bai sake dawowa ba.

Amma ya riga ya zama kompadre. Wanda ya riƙe maka ɗa a gaban Fada nauyinsa ya fi na ɗan'uwa: ba a kiran sunansa gatsal, ba a sa'insa da shi, ba a tsallake shi a kowace babbar magana ta yaron. Daga ranar, babu sauran Memo a gidan Nemesio, sai cikakken sunansa, Don Guillermo. In muryarsa ta fito a rediyo, Nemesio zai cire hula, ko da yana tsakiyar cuɗa laka. Doña Mela ita ta fi kowa asara, domin bai dace mace ta yi wa muryar kompadrenta irin wannan rawa ba. Ta koma kaɗa kafaɗa kawai, in tana niƙa.

Kowane bikin gari sai an ware cinyar talo-talo mafi girma an rufe da faranti, ko kompadre zai biyo. Washegari Nemesio zai cinye ta, fuska a murtuke, don kada ta lalace. Ya sayi kowane faifai da mutumin ya fitar, har da waɗanda ya yi bayan ya koma waƙoƙin soyayya masu sa barci, har da wanda yake yabon sabulu. Sau da yawa an yi wasansa a Puebla, abokai suka ce a je, Nemesio ya ƙi.

"Mutum ba ya biyan kuɗi don ya kalli kompadrensa yana zufa."

Daga baya faya-fayan suka daina fitowa. Rediyo ya koma wasu sunaye. Nemesio ya ci gaba da juya tsofaffin har allura ta cinye su, bai ga wani abu ya canza ba.

Haka Otilia ta girma, ta warke sarai, ta zama mai ɗinki. Sai Fidencio Tlachi, mai gyaran wutar lantarki, ya ce yana so. Ya kuma sami aiki a wata masana'antar gilashi can Monterrey, aikin da ba zai jira shi ya wuce ƙarshen Nuwamba ba. So yake ya tafi da matarsa. Iyayensa suka zo da kwandon burodi da kyandirori da kwalbar giya, suka yi jawabinsu. Don Nemesio ya saurara har ƙarshe.

"Na ba ku," in ji shi. "Saura a sanar da ubanta na baftisma. Shi zai tsaya a bayansu a coci."

Uban Fidencio ya yi dariya, domin ya san labarin kamar kowa. Da ya ga shi kaɗai ke yi, sai ya mayar da ita tari.

Bayan baƙi sun tafi Doña Mela ta dafe ƙugu.

"Kai tsoho, mutumin nan ko sunan yarinyar bai sani ba."

"Shi ya faɗe shi a gaban Fada."

"Fada ne ya raɗa masa a kunne! Ina tsaye a wurin."

"Baba," in ji Otilia, "in ya mutu fa?"

"Da an sa waƙoƙinsa a rediyo yini guda. Haka ake yi musu. Ina saurare."

Aka je wurin sabon Fada, ya ce ai ba dole ba ne, kowane mutumin kirki zai iya tsayawa. Nemesio ya ce Fada yaro ne, kuma ba ɗan garin nan ba. Aka turo dattawa, ya ba su kujeru, ya sa musu faifai, suka tafi da ciwon kai. Satumba ta wuce, Oktoba ta shigo. Otilia ta daina jayayya da ubanta. Ta dai jera kayanta a akwati ta tura ƙarƙashin gado, ta kuma gaya wa uwarta cewa ranar da Fidencio zai hau mota, ita ma za ta hau, da coci ko ba coci.

Doña Mela ta bari sai da mijinta ya zauna cin abinci sannan ta faɗa masa. Nemesio ya ajiye wainar masarar da ke hannunsa. Ya san kansa. In yarinyar nan ta tafi haka, ba zai iya sake buɗe mata ƙofa ba, kuma ita kaɗai gare shi.

"Kama mini babban talo-talon nan," in ji shi. "Gobe za ni babban birnin ƙasa."

"Za mu dai."

A mota direba ya ce tsuntsu a saman kaya ake ɗaure shi. Nemesio ya ce wannan na kompadre ne, ya ɗora shi a cinya. Doña Mela ta yafa mayafinta na zuwa coci, ta kuma shafa jan baki, abin da rabon a gani tun tana amarya. Da ya dube ta, ta ce iska ce ke tsaga mata leɓe.

Sun fara da wurin da aka rubuta a bayan kwalin faifai. Suka tarar an rushe ginin, an mayar da filin wurin ajiye motoci. Suka je gidan rediyo, mai gadin ƙofa ya ce bai taɓa jin sunan ba. Nemesio ya sake faɗa masa a hankali, da ƙarfi, kamar yadda ake yi wa kurma. Mai gadi ya ce su matsa da tsuntsunsu. Daga nan wani mai gyaran takalma ya tura su kasuwar tsofaffin kaya, inda wata mata mai sigari a baki take zaune a tsakiyar tulin faifai.

"Memo? Yana nan da ransa. Ku hau bas zuwa unguwar Tacuba, in kun sauka ku kasa kunne."

"Mu saurari me?"

"Katifu."

Tun kafin su gama sauka Nemesio ya ji. Daga wata lasifika a saman wani shago murya na cika titi: "Uwargida, bayanki ya gaji, kin kuma san ya gaji! Shigo ki kwanta ki gwada, gwaji kyauta ne!" Ta yi kauri, ta ɗan dishe, amma tana nan da wannan karyewar da take yi a ƙarshen kalma. Nemesio ya miƙa wa matarsa talo-talo, ya cire hula. Ya tsaya a tsakiyar masu wucewa, suna bangazarsa, har aka gama farashin katifu aka gangaro kan matasan kai.

A cikin shagon, bayan wani ɗan tebur, wani mutum mai tumbi da sanƙo yana riƙe da makirufo. Ya gan su ya miƙe da fara'a.

"Sannunku da zuwa! Ta mutum biyu ko? Mai laushi ko mai tauri?"

Nemesio ya ɗan durƙusa, ya kama hannunsa ya kai goshi.

"Kompadre, mun same ku lafiya? Ku gafarce mu, mun daɗe ba mu zo gaisuwa ba."

Mutumin ya dubi hannunsa, ya dubi talo-talon, ya dubi Doña Mela.

"Kompadre kuma? Daga ina?"

"San Bartolo. Inda motarku ta yi zafi."

"Maigida, motar nan ba garin da ba ta yi zafi ba."

"Kun riƙe mana jaririya. Fada ya tambaye ku sau biyu."

Mutumin ya zauna a bakin wata katifa. Ya shafa kansa a wurin da gashi yake a da. A bayyane yake bai tuna komai ba. Nemesio kuwa ya gyara tsayuwa ya fara jawabin da ya yi ta haddacewa a hanya: cewa ɗiyar da suka ba wa hasken Kiristanci ta girma, cewa wani ɗan mutunci ya nema, cewa ba su yanke komai ba sai da izininsu, cewa suna roƙon su zo su tsaya mata. Masu sayen katifa suka taru suna kallo. Talo-talo ya yi kuka sau ɗaya a tsakiya, aka jira ya gama.

"Wato tun wancan lokacin..." Don Guillermo bai ƙarasa ba. "Kuma ba za a ɗaura ba sai da ni?"

"Ta yaya za a ɗaura?"

"Yaya sunanta?"

Doña Mela ta dubi mijinta. Nemesio bai dube ta ba.

"Otilia, kompadre. Kamar yadda kuka sa mata."

"Otilia. Haka ne." Ya share hanci da bayan hannu, ya ɗaga murya zuwa cikin shago, inda surukinsa mai shagon yake. "Suruki! Asabar ta sama ba na nan. Ɗiyata za ta yi aure." Sannan ya juyo, idonsa na ƙyalli. "Akwai makaɗa a wurin?"

"Kada wannan ya dame ku. An shirya komai."

Ya zo kuwa. Ya sauka daga motar safe da jita a hannu, sanye da jar kwat ɗin, wadda yanzu maɓallanta suka daina gaisawa da juna. Labari ya riga ya zaga, har daga ƙauyuka mutane sun zo, wasu sun hau katanga. Nemesio ya tarye shi a bakin hanya, ya karɓi jitar kamar yadda ake karɓar wa baƙo kaya, ya kai ta ɗakin da suke ajiye hotunan waliyyai, ya kulle, ya sa makulli a aljihu.

A coci Don Guillermo ya yi aikinsa tsaf. Ya tsaya a bayan Otilia da Fidencio, ya ɗora musu igiyar furanni a kafaɗa, ya sa musu albarka. Aka ɗaura. Otilia ta fito tana kuka, ta ce masa baba, ya ce mata 'yata, ya kuma faɗi sunanta daidai.

A gida aka zaunar da shi a kan babban tebur. Da ya cinye faranti sai a kawo wani. Aka sa garmaho a tsakar gida, muryarsa ta samartaka ta fara kururuwa, shi kuma yana zaune yana bin ta da leɓe. Can ya yunƙura zai tashi.

"Kompadre, da zan ɗan yi musu ko guda ɗaya..."

Nemesio ya dafa kafaɗarsa ya mayar da shi.

"Allah ya kiyaye. In sa ku aiki a bikin ɗiyarku? Ku huta."

"Ai ba aiki ba ne, kompadre. Ni nake so."

"Na san halinku na kirki. Mela, ƙaro wa kompadre miya."

Daga kan katanga wani ya yi ihu, "A bar Memo ya yi waƙa mana!" Nemesio ya juya ya dube shi har mutumin ya sauka ta ɗaya gefen. Don Guillermo ya sake gwadawa bayan an ci, ya sake bayan an sha. Kowane karo hannun mai bulo na sauka a kafaɗarsa cikin ladabi, hannun kuwa yana da nauyi.

Doña Mela tana kallo daga rumfar girki. Da la'asar ta fito tana goge hannu.

"Tsoho, an ce shanun Cirilo sun shiga wurin shanyar bulonka."

Ɗanyen bulo na wata guda ne a shimfiɗe can bayan gari. Nemesio ya nemi gafarar kompadre, ya ɗauki sanda, ya fita. Babu saniya ko ɗaya a wurin. Amma shi mutum ne da ba ya aiki rabi, sai ya bi layi-layi yana duba ko an taka.

Yana ɓacewa Doña Mela ta ƙure ƙarar garmaho, ta kama hannun jar kwat ta ja shi rumfar girki. Makullin jita na aljihun mijinta, don haka ta miƙa masa ludayi da murfin tukunya. Mata suka yi da'ira, amarya a gaba, maza na leƙe ta ramukan kara. Don Guillermo ya buga murfin, ya buɗe baki. Muryar ta tsage a wurin da take hawa sama, matan suka ɗauke masa, domin ba wadda ba ta haddace ba a garin nan, ko tana so ko ba ta so. Doña Mela ta cire mayafi ta yi rawar da ta ajiye tun ranar baftisma, ta kuma kifar da kwandon albasa. Da ya gama, hawaye na bin fuskarsa. Ya ce hayaƙin itace ne. Aka yarda.

Kafin Nemesio ya dawo an mayar da baƙo kujerarsa, da sabon faranti a gabansa.

"Kun yi zufa, kompadre."

"Miyar ce, da yaji."

"Mela, kin cika barkono."

"Na cika," in ji ta.

Washegari aka mayar masa da jitarsa, da kwandon abinci, aka raka shi mota. Otilia da Fidencio suka tafi Monterrey a ƙarshen watan, da aurensu. Don Guillermo ya riƙa zuwa bikin gari bayan haka, shekara bayan shekara har ƙafa ta hana shi, kuma bai ƙara zuwa da jita ba.

Duk San Bartolo sun san abin da ya faru a rumfar girki, har yaran da ba a haifa ba a lokacin. Ba wanda ya gaya wa Don Nemesio, domin da kunya ta kashe shi. Ya rayu har ya tsufa tukuf, ido ya tafi, kunne ya rage, ana jingina masa garmaho kusa da kai. Duk baƙon da ya zauna kusa da shi sai ya ji labarin bikin, kuma kullum wuri ɗaya yake tsayawa.

"Kompadrena ya zo gidan nan, ya ci, ya sha, ya huta. Ko baki ban bari ya buɗe ba."

"Haka aka yi, tsoho," in ji kakata, tana ƙara masa kofi.